Hayaniya a Layin Munzali

"Ki ajiye mitar nan, Afra'u. Ki je gida ki ɗan huta..."

Ba ta ajiye ba.

Tana tsaye a tsakiyar shagon, jakar kayan aiki rataye a kafaɗarta, gefen hijabinta duk ya jiƙe da ruwan da ya dake ta a hanyar Kibiya. Ta zuba wa Munzali ido, shi kuwa ya ƙi yarda su haɗa ido. Sai juya wata guntuwar waya yake yi a hannunsa.

"Hutu ka ba ni, ko kora ta ka yi?"

"Haba abar ƙaunata, wa ya isa ya kore ki? Kawai dai... a bari maganar ta lafa."

Ba ta tambaye shi wace magana ba. Ta san ta. Duk Rano an san ta.

Munzali shi ne ya fara jan wayar intanet gida-gida a garin. Daga shagonsa na bakin tasha babbar wayar ke fita, ta bi kan turaku, ta rarrabu unguwa-unguwa. Duk wanda aka ja wa, akan ajiye masa ɗan akwati mai fitilu da ake kira modem. Idan fitilun sun tsaya cak, sabis lafiya lau. Idan suka kama ƙyaftawa, to wayar Munzali ba za ta huta da kira ba.

Afra'u kuwa 'yar Fulanin Fammar ce, wani ƙauye a ƙasar Kibiya. Mahaifinta ya rasu tana ƙarama, ƙanensa da suke kira Bappa ya riƙe ta har ta gama karatun lantarki a Kano. Da ta dawo ta nemi aiki a shagon Munzali, ya ɗauke ta. Tare suke fita gyara, ita a saman tsani da mitar auna sigina, shi a ƙasa yana riƙe mata. A haka hirar aiki ta koma wata hirar. Bappa bai taɓa son wannan hawan tsanin ba, kuma bai ɓoye ba, amma da magabatan Munzali suka zo neman aure ya duba ya ga yaron ba shi da aibu, ya ba su.

Ranar da aka kai gaisuwa Fammar, sabis ya ɗauke a rabin garin Rano.

Aka ce ruwan sama ne. Afra'u ta canza kawunan waya da suka yi tsatsa, abu ya daidaita. Ranar sa rana ya sake ɗaukewa. Daga nan sai ya zama kusan duk ranar da ta shigo gari, kafin azahar fitilu sun fara ƙyaftawa. Kafin su gama bin layi ya dawo da kansa, ba su ga komai ba. Masu shagon cirar kuɗi suka fara zage-zage. Mai shagon kwamfuta da ɗalibai ke rajistar jarrabawa a wurinsa ya ce idan aka ƙara zai tattara wayar ya dawo da ita. Wasu ma ba su yi gargaɗi ba, cirewa kawai suka yi.

Sai Iya, mahaifiyar Munzali, ta ba abin suna. Ta ce yarinyar farar ƙafa gare ta, tun ba ta shigo gida ba ta fara karya mata ɗa. Salma, 'yar ƙanen Iya da ta tashi a hannunta, wadda Iya ta daɗe tana yi wa Munzali sha'awarta, ita ta ɗauki maganar ta raba gidajen biki da na suna. Daga ƙarshe Iya ta kafa wa ɗanta doka: ko yarinyar ta daina taka shagon, ko a ɗaga auren.

"Ka yarda da abin da suke faɗa?" Afra'u ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Wallahi ban yarda ba."

"To ka dube ni ka faɗa."

Ya ɗago, amma idonsa bai iya tsayawa ba. Ya shiga ba ta haƙuri, yana cewa uwa ce, ba zai iya ja da ita ba, idan ta zauna a gida aka ga sabis ya ci gaba da ɗaukewa ai kowa zai gane ba ita ba ce.

"Idan kuma bai ɗauke ba fa?"

Ya mayar da idonsa kan guntuwar wayar da ke hannunsa.

Ta zaro makullin shagon daga jaka ta ɗora masa a kan tebur. Ba ta bari hawaye ya zubo ba.

"Ga aikinka. Mita kuwa tawa ce, ba ta shago ba. Kuma sunana ba zan bar shi a bakin mutane haka ba."

Ta fita cikin yayyafi, yana kiran sunanta ba ta waiga ba.

*

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Wani ya tare Bappa a kasuwar Kibiya ya yi masa jaje, irin jajen da ya fi zagi ciwo. Ta same shi a ƙofar gida ya sa an fito da duk kayan da dangin Munzali suka kawo. Ya ce da safe za a mayar musu, kuma daga yau ba ita ba Rano. Nenne, mahaifiyarta, tana gefe tana share ido da bakin zane.

Afra'u ba ta taɓa musa wa Bappa ba. Ta durƙusa a gabansa, kanta a ƙasa.

"Bappa, idan ka mayar da kayan nan gobe, magana ta tabbata. Har in mutu da ita za a riƙa nuna ni. Ka bar ni in koma in nemo abin da ke kashe layin nan. Bayan haka ko ƙona kayan ka yi ba zan ce komai ba."

Ya ce ba za ta je ba. Ta ce za ta je.

Nenne ta dafe ƙirji.

Bappa ya daɗe yana kallon yarinyar, kamar yau ya fara ganinta. Can ya tambaye ta ko ta tabbata akwai abin da za ta samo. Ta ce masa ta tabbata, domin ruwan sama bai san ranar gaisuwa ba, bai san ranar sa rana ba, tsatsa kuma ba ta san ranar da take shiga gari ba. Abin da ya san waɗannan ranakun, hannun mutum ne.

Ta yi masa bayani yadda zai gane. A irin wannan layin, saƙo yana tafiya ya dawo ta waya guda. Idan waya ta buɗe a gida ɗaya, hayaniyar lantarki na shiga ta nan ta koma baya, ta toshe wa duk wanda ke kan reshen. Maganinta shi ne a bi rassan ɗaya bayan ɗaya ana cirewa, ana kallon mita, har a kai ga wanda idan an cire shi hayaniyar ke tsayawa. Bappa ya gyaɗa kai, ya ce haka suke yi idan ciwo ya shiga garke, warewa ake yi har a gano saniyar da ta kawo shi.

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Ni zan kai ki. In ga wanda zai buɗe baki a gabana."

*

Da hantsi suka shiga Rano a kan babur ɗin Bappa, an ɗaure tsani a gefe. Afra'u ta ce kada su bi ta bayan gari. Ta tsakiyar kasuwa suka ratsa, a hankali, ta bakin shagunan ɗinki inda 'yan mata ke taruwa, don duk mai idon gani ya gani, mai bakin kaiwa ya kai. Suka tsaya a inuwar wata bishiyar darbejiya kusa da makarantar firamare, inda akwatin da ke raba layin yamma yake a saman turke.

Ba su daɗe ba wani mai shagon cirar kuɗi ya leƙo yana tsaki, ya ce ga shi nan ya sake ɗaukewa. Da ya hango ta sai ya yi wa maƙwabcinsa alama da baki.

Afra'u ta ɗaure hijabinta a ƙugu. Bappa, wanda ya shekara yana faɗa a kan tsanin nan, shi ya kafa shi ya dafe da hannu biyu.

Ta hau ta buɗe akwatin, ta jona mita. Layin da ya kamata ya kwanta luf a fuskar mitar sai tsalle yake yi kamar an watsa ruwa a mai. Ta kwance reshen kasuwa, bai daina ba. Ta mayar, ta kwance na hanyar asibiti, yana nan. Da ta kwance wanda ya shiga tsohuwar unguwa, sai ya kwanta.

Daga cikin shaguna aka fara cewa ya dawo.

Ta mayar da wayar, ya sake ɗaukewa. Wani ya ɗaga murya ya ce ai ga shi nan, da ta taɓa sai ya mutu. Bappa ya juya ya yi masa kallo ɗaya, mutumin ya koma cikin shago.

Suka ɗauki tsani suka shiga tsohuwar unguwa. Turke bayan turke take hawa, ta cire, ta duba, ta mayar. Rana ta take bayan ruwan jiya, gumi ya jiƙa mata baya, bakin wata waya ya yanke ta a yatsa ta ɗaure da salatif ta ci gaba. Mutane suka fara bin su, wasu don kallo, wasu suna jiran ta ji kunya.

A nan Munzali ya iso, wani ya kira shi. Ya gaida Bappa har ƙasa, ya kai hannu zai kama tsanin.

"Bar shi," in ji Bappa. "Ai ka riga ka saki."

Munzali ya janye hannunsa. Amma bai tafi ba, ya bi bayansu kansa a sunkuye.

Lungun ya ci gaba da tsukewa, gidajen da suka rage a kan layin suna raguwa. Afra'u ta fara gane inda suka dosa tun kafin su kai, domin ta san lungun. A turke na ƙarshe wayoyi biyu ne kacal. Ta cire ta gidan wani malamin makaranta, hayaniya tana nan. Ta cire ɗayar.

Mita ta yi tsit.

Ta bi wayar da ido. Wayar ta haura katanga ta shiga gidan Iya.

"Ba zai yiwu ba," Munzali ya ce a hankali. "Ni na ja wayar nan da hannuna."

Surutun mutane ya fito da Iya ƙofar gida. Da ta ga ko wace ce a saman tsani, ta tsuke fuska, ta ce ƙafar nan ba za ta taka mata gida ba. Afra'u ta sauko, ta durƙusa ta gaishe ta kamar yadda ta saba. Iya ba ta amsa ba.

"Iya, ba sai na shiga ba. Zan bar wayarki a cire, gari ya samu sabis. Amma duk wanda ke tsaye a nan ya ga inda na cire."

Iya ta dubi jama'ar da ta cika lungun. Mace ce da ba ta yarda a ga bayanta. Ta matsa gefe ta ce ta shigo ta duba, idan ba ta sami komai ba ta fita ta bar mata ɗa har abada.

Afra'u ta ce ta yarda.

Ta sa Munzali ya hau ya mayar da wayar, sannan ta shiga, Iya da shi suna biye. Modem ɗin da ke falon Iya sai ƙyaftawa yake. Ta bi wayar a jikin bango har bayan ɗakin ajiya. A nan aka yanke ta, aka sa wani ɗan ƙarfen raba waya mai araha, aka naɗe da leda. Wata waya ta biyu ta fita daga jikinsa, ta bi ƙarƙashin kwano ta shige ta tagar wani ɗaki.

Ɗakin Salma ne.

Salma ta tare ƙofa ta ce ba mai shigar mata ɗaki. Iya da kanta ta ture ta. A bayan gado suka sami bakin wayar an fere shi, an nannaɗe a jikin wata tsohuwar caja da ke jone a soket.

Afra'u ta matsa kusa da soket ɗin. Ta zare cajar. Ta ce wa Iya ta leƙa falo. Fitilu suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ta mayar da cajar, suka koma ƙyaftawa. Ta sake zarewa.

Salma ta ce ita talabijin ta sa aka jawo wa wayar, ba ta san komai ba. Iya ta tambaye ta ina talabijin ɗin. Babu. Daga baya aka ji cewa wani mai ɗaura tauraron ɗan'adam ne ya yanko mata wayar tun bara. Wata rana bakin wayar ya haɗu da cajar, ta ji Munzali yana faɗa a tsakar gida cewa sabis ya ɗauke, da ta zare ya dawo. Sai ta riƙe abin a ranta, ta riƙa jona cajar duk ranar da take so a zargi Afra'u.

A ranar dai Salma ba ta nemi gafarar kowa ba. Ta dubi Afra'u ido cikin ido, hawaye na zuba.

"A gidan nan na tashi. Ni nake wanke masa kaya tun ina firamare. Sai wata ta taso daga ruga ta ɗauke shi?"

Iya ta zame ta zauna a bakin gado.

Afra'u ta cire ƙarfen, ta haɗa wayar da sabon kai, ta ɗaure tam, ta auna. Ta tattara kayanta ta yi wa Iya sallama. A soro Munzali ya sha gabanta.

"Afra'u... masoyiyata, don Allah ki tsaya."

"Salma ba ta ba ni mamaki ba. Iya kuma ba ta san ni ba." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Kai ka san ni, Munzali."

Ta ratsa jama'a ta hau bayan Bappa. Sai da suka wuce duwatsun bakin gari ta kifa kanta a bayansa ta saki kukan da ta riƙe tun jiya. Bai ce ta yi shiru ba. Rage gudu kawai ya yi.

*

Sabis bai ƙara ɗaukewa ba. Waɗanda suka cire waya suka dawo. Afra'u ce ba ta dawo ba.

Munzali ya kira har ya gaji, ba ta ɗaga ba. Ya zo Fammar, Bappa ya shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, aka kawo masa fura da nono, ya zauna har la'asar ba ta fito ba. Ya sake zuwa, haka. Ita kuwa ta kama aikin haɗa sola a Kibiya, har wani kamfani a Kano ya aiko yana nemanta. Nenne ta ce mata fushin ya isa, ta ce ba fushi take ba, tunani take. Kayan aure suna nan a ɗakin Bappa, bai mayar ba, bai kuma ce komai ba.

Masara ta fara bushewa a gona lokacin da Iya ta zo da kanta.

Ta ƙi hawa kujerar da aka ba ta, ta zauna a tabarma gaban Nenne. Ta ce Salma ta koma wurin mahaifinta a Rurum. Ta ce duk gidan da ta san maganar ta shiga, ta taka da ƙafarta ta janye ta, wasu ma har dariya suka yi mata. Sannan ta sa aka kira Afra'u.

"'Yata, bakina ne ya cuce ki. Ban aiko kowa ba, ni na zo. Ki yafe min."

Afra'u ta kama hannunta ta ce ta yafe, kuma har zuciyarta ta faɗa. Iya ta ce ga wancan a waje, ya rame kamar mai jinya, ita dai ba za ta roƙa masa ba, shi ya san abin da ya yi.

Afra'u ta sami Munzali a bayan gidan nasu, inda ake ɗaure maruƙa. Ya miƙe da ya gan ta. Ya fara jero kalaman da ya shirya, ta ɗaga masa hannu.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Da na shiga gidan Iya ban sami komai ba, da yaya za ka yi?"

Ya buɗe baki ya rufe. Ta ga rantsuwa ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Afra'u," ya ce. "Ina so in ce da na tsaya miki. Amma ranar da ya kamata in tsaya ban tsaya ba. Tsoro na ji. Abin da ke cin raina ke nan."

Ta daɗe tana kallonsa. Wannan karon bai kawar da ido ba.

"Da ka rantse min, da Kano zan tafi."

"Yanzu fa?"

Ta ce masa ba za ta bar aikinta ba, ko bayan aure, ko wa ya yi magana. Ta ce kuma duk ranar da aka sake jifanta da wani abu, a gefenta take so ta gan shi tun kafin gaskiya ta fito, ba bayan ta fito ba. Ya ce ya ɗauka. Ta ce ba ita kaɗai za ta ji wannan alkawarin ba.

"Ko a gaban wa kike so zan faɗa, rabin raina."

Ta juya don kada ya ga murmushin da ya ƙwace mata.

Ba a ɗaga ranar ba. Bayan an kai amfanin gona gida aka taru a ƙofar gidan Bappa, mutanen Rano mota-mota, har da waɗanda suka bi ta a lungu suna jiran ta ji kunya. Kafin a shafa fatiha Bappa ya dakatar da liman. Ya ce yana da sharaɗi, kuma ba daga bakin wakili yake son amsa ba, daga bakin angon yake so. 'Yarsa za ta ci gaba da aikinta, kuma mijinta ne zai zama farkon mai tsaya mata.

Munzali ya miƙe a cikin taro ya ce ya yarda.

Bappa ya kara hannu a kunne, ya ce shi tsoho ne, kuma na baya ba su ji ba.

Munzali ya maimaita da ƙarfi, har muryarsa ta haura katanga ta shiga cikin gida, inda Afra'u ke zaune a tsakiyar ƙawayenta. Mata suka ɗauki guɗa. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kafaɗunta na girgiza, Nenne ta leƙa ta kasa gane ko kuka take ko dariya.

"Na ji shi, Nenne," ta ce. "Ku ce wa Bappa ya bar shi haka, a ɗaura."